Birkin Kyaftin da Ƙafar Hagun Maman Nas

Yau kwana shida ke nan Maman Nas na yawo da wata magana a ƙirji kamar wadda ta haɗiye taɓarya. Sau biyu tana zuba gishiri a shayi. Shekaranjiya ta bar tukunya ta ƙone har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko gobara ce. Maganar ta shafi auren 'yarta, ta shafi wata tsohuwar mota, ta kuma shafi ƙafarta ta hagu. Bari dai a faro daga tushe.

Mijinta ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsaron sito a wata ma'aikata, aikinsa miƙa wa injiniyoyi sifana da noti. Ranar da ya yi ritaya sai ya dawo gida da akwatin kayan aiki da sabon suna, wai Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa, shi ya raɗa wa kansa.

"Duk injiniyan da ke ma'aikatar nan a hannuna ya karɓi sifana," in ji shi. "To tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, wa ya fi?"

Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Fankar falo da ya gyara baya take juyawa, tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin. Firji kuwa tun da ya taɓa shi, in kana son ruwan ɗumi can za ka nufa.

'Yarsu ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya, shekararta ashirin da bakwai, duk layin Nas suke ce mata. Ta samu wanda take so, wani malamin lissafi mai sanyin hali. Mahaifinsa tsohon matuƙin jirgin sama ne, kowa Kyaftin yake ce masa, kuma an san shi da abu guda: magana ɗaya gare shi. In ya ce e, ko sama za ta faɗo e ɗin ce. Shi ne ya gayyace su cin abincin rana a gidansa don a zauna a tsayar da ranar aure.

A cikin tasi Nas ta riƙe hannun ubanta.

"Baba, don girman Allah. In mun je, ko agogonsu ka ga ya tsaya, ka bar shi a tsaye."

"Ke yarinya, ni za ki koya wa zama da manya?"

Da farko komai ya tafi daidai. An ci, an sha, an yi raha, Maman Nas har ta fara sakin numfashi. Sai Kyaftin ya ce su zo ya nuna musu budurwarsa. Ya kai su gareji ya yaye wani farin ƙyalle, sai ga wata 'yar mota ta tsere irin ta zamanin da, koriya shar, kujera biyu, ba rufi, gajeriya kamar ta durƙusa gaisuwa. Ta haura shekara hamsin amma kana ganin fuskarka a jikinta.

"Matsalarta ɗaya," in ji Kyaftin, "birkin gaba ya tsufa. Tana da gudu, ba ta da tsayuwa. Na yi odar sababbi masu ƙarfi, ga su can a kwali. Akwai wani gwani da zai zo wata mai zuwa ya ɗaura."

Maman Nas ta ga hancin mijinta ya buɗe. Ta san alamar. Ta taka masa ƙafa, ya janye ƙafar.

"Wata mai zuwa? Yallaɓai, a kan birki? Ni da na ɗaura wa jirgin ƙasa birki yana cikin tafiya?"

"Baba," in ji Nas.

"Ba ni kwana biyar. In na gama da motar nan, ƙuda ya gifta ka taka, sai ta tsaya ta ba shi hanya."

Kyaftin ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Mutum ba ya ƙaryata surukin gobe a cikin gidansa. Ya ce to, maganar rana a bari sai Asabar in ya zo ɗaukar motar, a yi farin ciki biyu lokaci guda. Washegari da hantsi shi da kansa ya tuƙo ta a hankali har tsakar gidansu, ya ajiye kwalin, ya shafa bonet kamar mai sallama da jariri, ya tafi yana waiwaye.

Kafin azahar rabin layin ya hallara a ƙofar gida. A gaba akwai Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan, mutumin da allurarsa ba ta kai harshensa tsini ba. Sai Bakanike, wani dattijo mai gareji a can ƙarshen gangaren layin, wanda ya shekara arba'in a ƙarƙashin motoci.

Injiniya ya buɗe kwalin. Abu na farko da ya fito littafin bayani ne. Ya juya shi, ya yi tsaki, ya ɗora a ƙasa ya zauna a kai.

"Maƙwabci," in ji Bakanike, "da ka ɗan leƙa shi."

"Littafi na ɗalibai ne. Wanda ya rubuta shi ma da ya gan ni tambaya zai yi."

Sai wasu faya-fayan ƙarfe guda biyu masu huji-huji. Ya ɗaga su ya hangi rana ta ciki.

"Kyautar kamfani ce. Maman Nas, karɓi, ki riƙa ɗora tukunya mai zafi."

"Baban Nas, anya kuwa?"

"Injiniya ake cewa a wurin aiki."

Daga nan ya ce kafin likita ya yanka sai ya saurari marar lafiya, don haka zai shiga ya ji motar a jikinsa. To Allah ya hore wa Injiniya tumbi, motar kuwa an ƙera ta ne don siraran mutane. Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu, ya saki jiki, ji kake fuf. Sitiyari ya nutse a cikin tumbin, tumbin ya danne oda. Motar ta kama ihu ba ƙaƙƙautawa, kajin maƙwabta suka watse.

"Ya marar lafiya?" Tela ya ɗaga murya. "Mun ji tana kuka!"

"Gwajin oda nake yi!"

Aka yi gwajin oda na kusan rabin awa. Daga ƙarshe Maman Nas ta kawo ruwan sabulu a bokiti aka kwarara masa ta wuyan riga, Tela ya kama hannu ɗaya, Bakanike ya kama ɗaya, aka ce ɗaya, biyu, uku. Ya fito sulɓ kamar tarwaɗa, wandon ya tsaya a mota. Mata suka juya baya. Ya miƙe ya ɗaura tawul ya ce odar lafiyarta ƙalau, ya tabbatar.

Kwana na biyu ya cire tsofaffin kaya ya ɗaura sababbi. Sabon faifan birki, da sabon kalifa, wato ƙarfen nan da ke matse faifan in an taka. A gaskiya sun hau, don Bakanike na tsaye a bakin ƙofa yana tari duk sanda ya ga za a juya abu a bai-bai, Injiniya kuma yana gyarawa yana cewa da ma gwada su yake yi ya ga ko suna lura. Sai aka zo mayar da taya. Taya ta ƙi shiga. Sabon kalifan ya fi tsohon ƙiba, ƙarfe na dukan ƙarfe. Ya tura da hannu, ya tura da ƙafa, ya ja da baya ya rugo ya bangaje ta da kafaɗa, ta dawo da shi ya zauna a cikin kwali.

"Tayar ta kumbura," ya ce. "Canjin iska ne. A miƙo mini guduma."

Bakanike ya yi salati.

"Maƙwabci, ajiye gudumar nan. Babu wasu faya-fayai biyu a kwalin? Su ake sawa a bayan taya su turo ta waje kaɗan."

Duk ido ya koma kan Maman Nas. Ta shiga kicin ta sauke tukunyar miya daga kan ɗaya, ta ɗaga butar shayi daga kan ɗayan, ta kawo su suna maiƙo.

"Na ba ta ne ta gasa su," in ji Injiniya. "Ƙarfe in bai sha zafi ba ba ya zama."

"Da albasa ake gasawa?" in ji Tela. "Ga guda nan manne."

Kwana na uku ya zo zuba man birki. Yana zubawa yana yi wa jama'a lacca a kan jirgin ƙasa, hannu na nuna gabas, gorar na kallon yamma. Man ya kwarara a kafaɗar motar.

"Wanke da ruwa yanzu-yanzu!" Bakanike ya daka tsawa. "Man nan cin fenti yake!"

"Mai ne fa. Ƙyalli zai ƙara mata."

Ya ɗauki tsumma ya murza shi sosai, ya faɗaɗa shi ya kai faɗin faranti. Bayan la'asar fentin wurin ya tattare kamar fatar tsohuwa, da ya sa yatsa sai ya biyo shi. Maman Nas ta ɗora hannu a ka.

"Mun shiga uku. Baban Nas, auren yarinyar nan!"

"Kwantar da hankalinki. Kore ai kore ne."

Ya shiga sito ya fito da ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar gida bara. Ya shafa da burushin bango. Ya ja baya ya karkata kai.

"Wa zai gane?"

"Makaho ma in ya shafa," in ji Tela.

Sai aka zo kan babban aiki, cire iska. Ga yadda abin yake: in an sa sababbin kaya, iska na maƙalewa a cikin bututun man, kuma muddin tana ciki, in ka taka birki iska kawai kake matsawa, mota ba ta san kana yi ba. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a ciki yana taka birki, ɗaya ya tsuguna a gindin taya yana buɗe wani ɗan noti yana rufewa, man na fita da kumfa, har kumfar ta ƙare birkin ya yi tauri.

Bakanike ya ce shi zai zauna ya taka.

"Don gobe ka ce kai ka yi aikin? Na gode. Ina da mataimakiya."

Maman Nas ba ta taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarta. Aka shimfiɗa mata zane a kujera ta shiga. Ta leƙa ƙasa ta ga ƙarafa uku a jere. Injiniya ya nuna da sifana daga nesa, don shi da cikin motar nan an yi baram-baram.

"Na tsakiya. In na ce taka, ki taka. In na ce riƙe, ki riƙe. In na ce saki, ki saki. Aikin da ko akuya za ta iya."

Ya ɓace a gindin taya. Jama'a kuma ya kore su can bakin ƙofa, wai kada a saci fasaha.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Ta taka da ƙafar dama. Ƙarfen ya tafi luf har ƙasa kamar ta taka auduga. Daga ƙasa ta ji fitt, ta ji mijinta yana tofar da yawu, man ya feso masa a fuska.

"Ya yi tauri?"

"Bai yi ba."

"Taka! Riƙe! Saki! Ya yi tauri?"

"Wallahi bai yi ba."

"To ke ce ba kya takawa da zuciya ɗaya! Shekara talatin ina ciyar da ke, ƙarfin ina ya tafi?"

To Maman Nas na da ciwon gwiwar dama tun haihuwar Nas. A taku na goma sha biyar gwiwar ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta so ta faɗa, ta tuna ga mutane a bakin ƙofa, zai ce ta kunyata shi. Ta gwada kai ƙafar hagu kan na tsakiyan, wurin ya matse, sandar sitiyari ta tokare ta. Amma ga wani ƙarfen nan a hagu, daidai saitin ƙafar, kamar don ita aka sa shi. Ta dube su. Girmansu ɗaya, robarsu iri ɗaya, duk cikin rami ɗaya suka shige. Ta ce a ranta, ai kamar keken ɗinki ne, ko ta wane gefe ka taka allura ɗaya ce ke motsi.

"Taka!"

Ta taka na hagu. Kai! Sai da ta dafe kujera da hannu biyu.

"Ya yi tauri?"

"Ya yi! Baban Nas, ya yi tauri ƙwarai!"

Shi kuma a ƙasa ya buɗe noti ya ga feshi ya tsaya, sai man na ɗiga a hankali, ɗis, ɗis, ba kumfa ko ɗaya. Ya yi tsalle ya buga kai da ƙarfe bai ma ji ba.

"Jama'a, ku shaida! Kumfa ta ƙare! Abin da wasu ke kwana uku a kai!"

Bakanike ya ɗaga gira. "Da wuri haka? Bari in taɓa in ji."

"Kada hannunka ya taɓa motar nan."

Da ya ga mutane sun yi tafi, sai abin ya yi masa daɗi. Ya ce kamfani na cewa a taka sau ashirin, amma shi aikinsa na inganci ne, sau dubu za a taka. Kwana biyu cur Maman Nas na cikin motar nan. Yaran layi suka mayar da abin waƙa, ko'ina ka bi taka, riƙe, saki. Cinyarta ta hagu ta yi ƙwari har siket ya fara matse ta gefe guda. Duk sanda ya tambaya, ta ce ya yi tauri, kuma Allah ya sani ba ƙarya take yi ba.

Ranar Juma'a da yamma Nas ta dawo daga asibiti ta tarar yana goge taya.

"Baba, ka gwada ta kuwa? Ko nan da bakin ƙofa?"

"Mai shakka ke gwaji. Gobe a gaban surukinki za a yi gwajin, duniya ta gani."

Asabar da hantsi Kyaftin ya iso da matarsa da ɗansa. Injiniya ya sa an jera kujeru a bakin titi, an turo motar waje an juya gefen da ya sha fentin ƙofa wajen bango, an kuma yafa masa tawul wai don rana. Tun jiya bai ci komai ba don tumbin ya sauka, ya sa 'yar shara, ya shafe ciki da man girki yana ta ƙyalli.

Ya yi jawabi. Ya ce zai hau can saman layi ya gangaro a guje, ya tsaya saura taƙi ɗaya ya taɓa mutum. Ya ja layi da alli a tsakiyar titi.

"Yallaɓai, motarka ce. Kai ya kamata ka tsaya a nan."

"Malam Injiniya," in ji Kyaftin, "shekara talatin ina tuƙa jirgi ban faɗo ba, don ban taɓa tsayawa a gaban abin da ba a gwada ba."

"To Bakanike."

"Ina da jikoki."

"Maman Nas, zo ki nuna musu kin yarda da mijinki."

Har ta miƙe, don ita a saninta birki ya yi tauri, ita ce shaida. Nas ta fizgo ta ta zaunar. Ƙarshe Tela ya shiga shago ya fito da mutum-mutumin da yake rataya ɗinki a kai, sanye da sabuwar rigar da Injiniya ya ba da a ɗinka masa ta ranar aure. Aka tsayar da shi a kan layin allin, aka ɗora masa hula.

Samari suka tura motar zuwa sama. Injiniya ya ja numfashi ya tsotse ciki, ya sulale ciki lafiya lau, aka yi tafi. Ya tayar. Motar ta yi wani gurnani mai daɗi, Kyaftin har ya yi murmushi. Ta taho. Tawul ya tashi sama, fentin ƙofa ya bayyana a rana.

"Mene ne wancan a jikinta?" in ji matar Kyaftin.

Motar ta iso saitin kujeru, Injiniya na ɗaga wa jama'a hannu ɗaya. Aka ga ya taka. Aka ga ya sake takawa. Aka ga hannun da ke sama ya sauko, idanu sun fito.

"Kauce!" ya daka wa mutum-mutumi tsawa. "Kauce, malam!"

Malam bai kauce ba. Motar ta kwashe shi, ya yi sama ya juya, ya faɗo zaune daram a kujerar gefe, riga na kaɗawa.

"Ya ɗauki fasinja!" in ji Tela.

"Ja birkin hannu!" Bakanike na gudu yana ihu. "Na hannu!"

"Ina zaune a kansa!"

Tumbin ya koma mazauninsa ya danne oda. Haka suka gangara, shi da rigarsa, oda na ihu, shi yana ihu, mai lemo ya watsar da tire ya haye katanga, wani mai keke ya faɗa kwata da kansa don ya hutar da kowa. Duk layin ya bi su a guje, har da Kyaftin da sandarsa, Maman Nas a baya tana ɗingishi da ƙafa biyu, ɗaya ciwo ɗaya gajiya.

A ƙarshen gangaren titin ya yi kwana. Motar ba ta yi ba. Ta miƙe ta shige garejin Bakanike ta ƙofar da ke buɗe, ta nutse cikin tulin tsofaffin tayoyi. Tayoyi suka yi ta zubowa, ɗaya ta sauka a wuyan Injiniya. Odar ta yi wani ɗan kuka ta mutu.

"Allah sarki," in ji Tela yana haki. "Ta gaji ta kawo kanta asibiti."

Aka zaro shi, ko ƙwarzane babu. Motar ce fitila ɗaya ta fashe, hancin ya lotse. Kyaftin ya zagaya ta sau biyu. Ya tsaya a kan fentin ƙofa ya daɗe. Bakanike ya tsuguna ya buɗe ɗan notin, sai ji kake fusss.

"Iska ce fal. Ba a cire komai ba."

"Ƙarya ne!" Injiniya ya fizge tayar daga wuya. "Kwana biyu muna cirewa! Layin nan kaf shaida ne! Maman Nas, faɗa musu, ya yi tauri ko bai yi ba?"

"Ya yi tauri," ta ce, da gaskiyarta.

Bakanike ya zura hannu cikin motar ya danna da yatsa biyu. Ƙarfen ya tafi luf har ƙasa.

"Wannan ne tauri?"

Maman Nas na tsaye a bayansa, ta ga wanda ya danna. Na tsakiya. Ta matsa kusa da 'yarta ta yi ƙasa da murya.

"Nas, shi wancan na hagun fa, na mene ne?"

"Kuloci ne, Mama, na canja giya. Ba ruwansa da birki. Me ya sa?"

"Ba komai. Tambaya ce."

Ta nemi wata taya ta zauna.

Injiniya kuwa ya hau bori. Ya ce kamfani ne ya aiko kayan jabu. Ya ce iskar gangare ce ta shiga. Ya ce akwai masu baƙin ciki a layin nan da suka san hanyar katangarsa, yana faɗa yana hararar Bakanike. Kyaftin ya ɗaga sanda, aka yi shiru.

"Mota ƙarfe ce, za a gyara. Abin da ba zan iya ba shi ne in haɗa zuri'a da gidan da ba a iya cewa na yi kuskure. Na ba da mako guda. Wanda ya yi wannan aika-aika ya zo gidana ya faɗa da bakinsa, a ranar zan tsayar da ranar aure. In Asabar ta zagayo ba wanda ya zo, a bar maganar."

Nas ta rufe fuska da mayafi. Da wani mai hankali ne, da nan ya yi shiru. Injiniya ya gyara tsayuwa, man girki na ɗiga.

"In kuma aka gano laifin ba nawa ba ne fa, yallaɓai?"

Ran Kyaftin ya riga ya ɓaci, kuma ya tabbata ba yadda za a yi hakan ta faru.

"In aka gano ba kai ba ne, ga jama'a shaida, zan dawo maka da motar nan ka ɗaura birkin baya ma. Kuma ranar aure kai za ka tuƙa 'yarka a cikinta har ƙofar gidana."

"An gama!" in ji Injiniya. "Tela, ka ji. Bakanike, ka ji."

Kowa ya ji. Kuma kowa ya san Kyaftin ba ya magana biyu.

To yau Juma'a. Nas ta daina cin abinci, tana dawowa daga aiki sai ɗaki, idanu sun kumbura. Injiniya ya rantse ko za a yanka shi ba zai amsa laifin da bai yi ba, kuma karon farko a rayuwarsa yana da 'yar gaskiya. Ya buɗe bincike. Ya auna sawun da ke gindin katanga da igiya, ya je ya ce Bakanike ya ba shi takalminsa a gwada, Bakanike ya biyo shi da tiyo. Da safen nan ya baje sifanoni a tabarma yana goge su ɗaya bayan ɗaya, ya ce na birkin baya ne, a shirye yake. Ya ma ce tunda ranar aure ce zai ɗan taɓa sitiyarin, ya ji kamar yana da nauyi.

Sau uku Maman Nas na saka mayafi ta nufi gidan Kyaftin, sau uku tana juyowa daga bakin titi. In ta yi shiru, gobe auren 'yarta ya watse a kan laifin da ita ta yi. In ta faɗa, aure ya tsaya da ƙafarsa, amma mijinta ya wanku, Kyaftin zai cika alkawari, za a sa mata 'yarta ɗaya tilo da kayan amarci a kujerar da mutum-mutumi ya zauna, gidansu kuma a kan gangare yake. Kuma ko tantama babu, ita za a sake cewa ta shiga ta taka.

Jama'a, ku da kuka ji yadda aka yi, don Allah ku ba baiwar Allah nan shawara kafin gari ya waye. Ta je ta faɗa, ko ta ja bakinta? In kuwa akwai wanda ya san wata hanya ta uku, wadda za a ɗaura aure amarya ta isa gidan miji da ƙafafunta biyu, ya taimaka ya faɗa da wuri.